Zanen da Ke Ƙarƙashin Dutsen Niƙa

Gawar uwarta ba ta gama hucewa ba Fidelina ta ɗauki adda ta shiga madafa. Ta ture dutsen niƙa gefe, ta durƙusa, ta fara sarar ƙasa. Wurin ya yi tauri kamar an shafe shi da siminti, don shekara da shekaru ruwan masara na zuba a kai ana takawa. Sai da ta haƙa kusan kamu guda, tafin hannunta ya sale, sannan bakin addar ya bugi wani abu da ya amsa da ƙarar yumɓu.

Tukunya ce, an kife mata kasko an liƙe bakin da kakin zuma. Da ta ɓamɓare, ƙamshin busasshen ganyen taba ya daki hancinta. Ta kwashe ganyen. A ƙarƙashinsa zane ne a ninke, saƙar hannu, mai nauyi, rinin baba da ya yi duhu har ya kusa zama baƙi, da ratsin ja da rawaya. Ta warware shi a kan cinyarta. Ko asu bai taɓa shi ba. Kusurwa ɗaya ce kawai babu, an yanke ta da almakashi daidai faɗin tafin hannu.

Jiya da hantsi tana taje wa tsohuwar kai a bakin ƙofa, uwar ta kama mata hannu. Tránsito sunanta, amma duk ƙauyenmu Ninya Tancho ake ce mata, don Ninya muke kiran dattijuwa saboda girmamawa.

"Lina, in na tafi kada ku sa mini rigar kanti. Shekara sittin da shida ina sa ta, ta ishe ni. Ki ɗaga dutsen niƙa. Kuma ku bar akwatin a buɗe, su gan ni."

Fidelina ta zaci ruɗin tsufa ne. Matar da ta taɓa marinta har bakinta ya fashe don ta kwaikwayi wata kalma ta yaren kakanni da ta ji a rafi, ita ce za ta nemi zanen Indiyo, 'yan asalin ƙasar nan? Amma ga shi a kan cinyarta.

Labarin kowa ya san shi, ba a dai faɗarsa. Shekarar da dutsen Izalco ya yi ta aman wuta, wata biyu bai cika ba da wani Janar ya karɓe mulki, masu tsinkar kofi suka tashi da adduna saboda yunwa. Sojoji suka zo. Aka yi shela duk namijin da ba ruwansa ya je dandali a ba shi takardar shaida. Mahaifin Tancho ya wanke ƙafa, ya sa farar rigarsa ya tafi karɓar takarda. Lokacin Tancho tana da shekara goma sha biyu. Daga gida suka ji bindiga mai sarrafa kanta tana ta yi, ta yi shiru, ta sake. Bayan nan, duk wanda kamanninsa ko tufarsa ko harshensa ya nuna Indiyo ne, ransa na hannun wanda ya gan shi. Uwar Tancho ta kwance zanenta ta binne, ta sa rigar da ta ɗinka da buhun sukari, ta hana a ƙara yin yaren a gidan. Janar ya yi shekara goma sha uku ya sauka, ya mutu a wata ƙasa. Zanen bai fito ba.

* * *

Motar ƙarfe tara ce ta sauke Cástulo, yayan Fidelina, daga Sonsonate. Gadi yake yi a wani gandun kofi, kuma tun da ya yi soja yake tafiya kamar ana yi masa fareti. 'Yarsa Idalia, malamar asibiti, tana biye da shi idanunta a kumbure. Ya shiga ɗaki ya tsaya a kan uwarsa, ya cire hula, ya daɗe. Da ya fito sai ya miƙa wa ƙanwarsa leda.

"Ga riga. Fara ce, da leshi a wuya. Akwati zai iso da sha biyu, Fadan coci ya ce jana'iza ƙarfe huɗu."

Fidelina ba ta karɓa ba. Ta shimfiɗa zanen a kan tebur. Cástulo ya kalle shi sau ɗaya, ya juya ya tura ƙofar gida ya rufe.

"Ina kika samo wannan?"

"Inda Mama ta ce in duba. Shi take so."

"Ta gaya wa wa?"

"Ni."

"Ke kaɗai. Ni ban ji ba. Abin da na ji da kunnena shi ne kada mu kuskura wani ya ce mana Indiyo. Kin manta dukan da ta yi miki?"

"Bakina ne ya fashe, Yaya, ba naka ba. Ban manta ba."

Ya zauna a kan benci ya sassauta murya. "Lina, ki yi tunani. Iyayen yaron da zai auri Idalia suna zuwa jana'izar nan. Masu kanti ne, mutanen gari. Shekara talatin ina wanke sunan gidan nan. Ki bari su leƙa akwati su ga uwata a naɗe kamar mai tallan tabarma?"

"Uwarka ta yi tallan tabarma. Da shi ka yi aji shida."

"Abin da ya wuce ya wuce. Kuma ni ban ga laifin Janar yadda kuke gani ba. A zamaninsa ka yar da jakarka a hanya, gobe ka dawo ka same ta. Ya yi hanyoyi. Ɓarawo ko ɗaya babu. Dubi ƙasar yanzu."

"Kai da aka haifa shekara shida bayan ya sauka, a cikin Mama ka ga hanyoyin? Mutumin da ya rataya fitilu masu launi a titi wai su kori cutar agana. In ka yar da jaka ba mai ɗauka, gaskiya ne. Duk masu ɗaukar suna rami, tare da kakanka."

"Kada ki ƙara."

Ya miƙe, ya gyara bel. "Shirya gawa aikin mata ne, ba na shiga. Ki sa mata abin da kika ga dama. Amma in na ga wannan a jikinta, kafin mutum ɗaya ya shigo zan buga wa akwatin ƙusa. Ni ne babba."

Ya fita neman masu haƙa kabari. Idalia ta matso ta shafa zanen da bayan yatsunta.

"Goggo, yaya ake ɗaura shi?"

Fidelina ta juya zanen gaba da baya. Sai a lokacin ta tuna ba ta taɓa tsayawa ta ga yadda ake yi ba. A kasuwar wani gari ta taɓa hango tsofaffi biyu da shi, uwarta ta ja ta suka sauya layi. Zanen ba maɓalli, ba igiya, ba ɗinki, kuma tsawonsa ya kusa kamu shida.

* * *

Mutum ɗaya ce ta rage a unguwar da ta girmi Tancho: Ninya Petrona, mai saƙar tabarma a bayan coci. Fidelina ta same ta zaune a ƙasa tana tsaga ciyawar saƙa da farce. Tsohuwar ta yi mata gaisuwar rashi, ta ce za ta zo wankan gawa. Amma da Fidelina ta faɗi abin da ya kawo ta, hannun ya tsaya. Petrona ta dubi hanya ta dama, ta dubi ta hagu, ko da yake ba kowa sai kaji.

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa, Ninya. Wasiyyar Mama ce."

"To ni me na sani? Mu ba irin mutanen nan ba ne. Kakana Bature ne, daga Sifen ya zo."

Fidelina ta dubi fuskar, fuskar da ta yi kama da ta uwarta kamar a tukunya ɗaya aka dafa su. A wata rana da ta yi dariya.

"Ninya, an daina kashe mutane don zane. Yaƙin basasa ma ya ƙare shekara shida ke nan."

"Haka suka ce wancan karon. Suka ce a zo a karɓi takarda." Ta koma kan ciyawarta. "Ki sa mata rigar da yayanki ya kawo. Tancho ta mutu, ba ta jin sanyi ba ta jin kunya. Ku ne za ku zauna a garin."

Fidelina ta kama hanyar gida. A hanya ta yi ta tunanin ko tsohuwar ce da gaskiya. Wa zai sani in ta sa farar rigar? Cástulo zai huce, Idalia za ta yi aurenta lafiya. Sai dai duk lokacin da ta kai nan, sai ta ji yatsun uwarta a wuyan hannunta, yadda suka matse jiya. Matar da ba ta taɓa roƙon komai ba, ko ƙarin wake a kwano.

Ita da Idalia suka wanke gawar da ruwan ɗumi da ganyen lemo. Suka sa mata farar shimi, sannan suka fara fama da zanen. Suka zagaya shi sau biyu, ya yi yawa. Suka ninka, ya tattare a baya. Suka ɗaga tsohuwar, ya zame. A ƙarshe Fidelina ta kwance igiyar shanya ta ɗaure shi a ƙugu, Idalia ta kama gefen da alluran maƙalawa uku daga jakarta. Suka ja da baya suka duba.

Nan Ninya Petrona ta shigo da sandarta da kyandir biyu. Ta yi alamar gicciye, ta fara addu'a, idonta a rufe. Ta kai tsakiya ta buɗe ido ɗaya. Addu'ar ta fara rarrabewa. Ta rufe idon ta ci gaba, ta sake buɗewa.

"Wace ce ta ɗaure Tancho kamar buhun wake?"

"Mu ne, Ninya. Ba mu iya ba."

"Da igiyar shanya. Yarinyar da ta fi kowa ƙugu a rafin nan." Ta jingine sandar a bango. "Cire mini ƙarafan nan. Ke malamar asibiti, ɗaga ta. Ba haka ba, ta kafaɗa. Ba mara lafiya ba ce, kakarki ce."

Petrona ta kama bakin zanen ta aza a ƙugun dama, ta zagayo da shi ta baya, ta ja har ya kama jiki. Ragowar ta tattara ta gaba, ninki bisa ninki, kowane daidai da ɗan'uwansa kamar da ma'auni, sannan ta murɗa saman ta cusa a ƙugun hagu da yatsa biyu. Ba igiya, ba allura. Zanen ya zauna kamar a jikin aka saƙa shi. Tana yi tana magana ƙasa-ƙasa, da wasu kalmomi masu taushi da Fidelina ba ta san ma'anarsu ba, sai guda ɗaya: wadda aka fasa mata baki a kanta.

"Kakanki na Sifen ne ya koya miki, Ninya?" in ji Idalia.

"Rufe mini baki, 'yar nema." Tsohuwar ta share ido da gefen hannu. Ta ja ƙasan zanen don ta daidaita shi, sai ta tsaya a kan kusurwar da babu. "Wannan kuma wane mara hankali ne ya yanke? Saƙar wata uku."

* * *

Akwati ya iso da sha biyu da rabi. Matan suka sa ta a ciki, suka kitsa mata gashi biyu suka kwantar a kan ƙirji. Cástulo ya dawo rigarsa jiƙe da gumi. Ya leƙa daga ƙofa, ya ga abin da ya gani, ya zagaya bayan ɗaki. Suka ji yana bincike a cikin akwatin kayan aiki. Ya dawo da guduma a hannu da ƙusoshi a baki.

Fidelina ta tsaya tsakaninsa da akwatin.

"Matsa, Lina."

"Ba zan hana ka ba, ka fi ni ƙarfi. Amma ka dube ta tukuna. Ba daga ƙofa ba."

Ya zagaye ta ya ɗauki murfin. Don ya aza shi sai da ya sunkuya, kuma da ya sunkuya abin da ke wuyansa ya faɗo daga cikin riga yana lilo. Ɗan ƙulli ne na ƙyalle a zaren fata, ya yi baƙi da gumin shekaru. Duk wanda ya san Cástulo ya san shi da shi. Ranar da sojoji suka tare kasuwa suka kwashi samari, yana da shekara goma sha tara, uwarsa ta bi su har bariki da ƙafa washegari. Ta miƙa masa shi ta cikin waya, ta ce kada ya cire ko a wanka. Ya je yaƙin kan iyaka ya dawo ba ko ƙwarzane.

Idalia ce ta gani. Ta miƙa hannu ta tare ƙullin, ta juya shi inda ɗinkin ya saki. A cikin ninkin, inda gumi bai kai ba, akwai ratsin ja, da siririn rawaya a gefensa.

"Baba."

Bai gane ba sai da ta ja hannunsa zuwa ƙasan zanen, inda kusurwar ta ɓace. Ya dubi wurin. Ya dubi ƙullin. Ya zare ƙusoshin daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ce mini ta yi ƙyallen rigar waliyyi ne," ya ce. "Ta ce Fada ne ya ba ta."

"To," in ji Petrona. "Ta ɗaga dutse ta tone, a lokacin da tonewar kan iya jawo mata abin da ba ta so. Ta nemi abin da ya fi ƙarfi a gidan nan ta ba ka. Kai kuma ka zo da guduma."

Cástulo ya jingine murfin a bango ya fita. Ta taga Fidelina ta hango shi a gindin mangwaro, zaune a kan dutse, ya ba gida baya, kafaɗunsa na motsi. Ba ta je ba. Ta hura wuta ta ɗora kofi, don mutane sun kusa fara zuwa. Idalia ce ta je. Iska ta kawo ƙarshen maganarta.

"In zanen kakata zai kore su, Baba, gara su gudu yau da su gudu ina da ciki."

Da ya dawo, ba guduma a hannunsa. Ya cire zaren daga wuya, ya nufi akwatin zai ajiye ƙullin inda aka yanko shi. Petrona ta buge masa hannu.

"Wadda ta yanka ta san abin da ya sa ta yanka. Mayar wuyanka."

Ya mayar. Sannan ya je ya buɗe ƙofar gida, duka ɓangarorin biyu, ya sa dutse ya tokare.

* * *

Ba zan ce kowa ya ji daɗi ba. Wasu sun leƙa akwatin sun yi saurin kawar da kai. Uwar saurayin Idalia ta duba, ta tsuke baki, ta nemi kujera can nesa ta zauna da jakarta a cinya. Ɗanta kuwa ya tsaya ya daɗe, daga baya ya karɓi kusurwa ɗaya ta akwatin ba wanda ya roƙe shi. Wani tsoho da ba a taɓa jin ya yi magana a taro ba ya cire hula, ya taɓa zanen da yatsa ɗaya, ya ce uwarsa tana da irinsa, sai dai nata ratsin kore ne. Ya faɗi haka sau uku, ga mutum uku.

Aka ɗauke ta a buɗe. Hanyar maƙabarta ta dandali take bi, ta gindin babban rimin da maza suka yi layi a waccan shekarar. Kullum masu ɗaukar gawa sauri suke yi a nan. Cástulo, da ke gaba, ya rage tafiya, dole na baya suka rage. A ƙofar wani shago wani mutum mai kwalba a hannu ya ce wa abokinsa, da ƙarfin da za a ji, ƙasar nan sai an sake samun irin Janar. Ba wanda ya waiwaya.

A bakin kabari Cástulo da kansa ya aza murfin. Zanen ya koma ƙasa, amma wannan karon da rana, a gaban mutum fiye da ɗari.

Fidelina ta cike ramin madafa, ta mayar da dutsen niƙa. Tukunyar ta wanke ta, ta zuba mata ruwan sha. Kwana da kwanaki ruwan na ɗanɗanon taba, ba ta zubar ba.

Ranar addu'ar kwana tara, da la'asar, tana jera kujeru a tsakar gida sai ta ji yaran unguwa sun yi tsit. Ta leƙa. Ninya Petrona ce tafe da sandarta, ba ta gefen katanga inda ta saba bi ba, ta tsakiyar hanya. Zanen da ke jikinta ja ne mai duhu, asu ya ci ƙasansa, kuma duk inda aka ninke shi shekara sittin da shida ya bar layi fari, murabba'i bisa murabba'i, tun daga ƙugu har idon sawu. Tana tafe tana duban dama da hagu. Ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙofa.

"Me kike kallo?" ta ce. "Ba ni kujera. Kuma ki kira mini malamar asibitin nan, ta zo da zanen gado ku koyi ɗauri. Ba kullum zan yi ta zuwa ina ɗaura muku ba."